Wa Ya Buɗe wa Bronson Ƙofa?

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin malaman makarantar da aka tura ƙaro ilmi Amurka a ƙarshen shekarun 1960, kuma a duk abin da ya gano a jihar Ohayo babu wanda ya fi yawan ba mu labarinsa kamar wani wasan kwaikwayo na talabijin da bai ma cika shekara guda ana nuna shi ba. Ba ya zancen dusar ƙanƙara sai an tambaye shi, sunayen malamansa kuwa sai jefi-jefi yake ambata, amma da zarar an zauna hira bayan sallar isha'i aka ji ƙarar babur ta wuce ta bakin zaure, sai ya gyara zama ya ce, "Na taɓa ba ku labarin Bronson kuwa?" Ya taɓa ba mu, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, sai dai a cikinmu babu mai ƙarfin halin gaya masa haka.

Sunan wasan Then Came Bronson, wato kamar a ce "sai ga Bronson ya iso". Tashar NBC ce ta fara gabatar da shi da wani dogon fim na gwaji a watan Maris na 1969, sannan daga Satumban wannan shekara zuwa farkon Afrilun 1970 aka nuna kashi 26, kowace Laraba da ƙarfe goma na dare, daga nan aka naɗe tabarmarsa. Michael Parks ne ya fito a matsayin Jim Bronson, matashin ɗan jarida a birnin San Faransisko wanda amininsa ya kashe kansa, duniya ta yi masa zafi, ya yi cacar baki da editansa, ya ajiye aiki, ya je wurin matar mamacin ya fanshi babur ɗin da dama can nasa ne kafin ya sayar wa abokin, ya ɗaure 'yar shimfiɗarsa a baya, ya kama hanya. Wanda ya fito a matsayin aminin shi ne Martin Sheen, tun sunansa bai kai ko'ina ba. Babur ɗin jan Harley-Davidson ne samfurin Sportster, da hoton ido cikin alwatika a jikin tankinsa, mahayin kuma yana sanye da hular saƙa irin ta ma'aikatan jirgin ruwa, ga shi da ƙarancin magana, in ma ya yi maganar sai mutum ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci abin da ya ce.

Kowane mako sai ya sauka a wani wuri, ya nemi ɗan aikin ƙodago da zai sami kuɗin mai da na abinci, ya tarar da mutanen wurin a tsakiyar wata damuwa tasu, ya zauna da su kwana biyu ko uku, sannan ya buga babur ya yi gaba. A kashin farko, wanda aka ɗauka a yankin Jackson na jihar Wayomin, aiki ya samu a wani sansani na yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda ya shaƙu da wani yaro da ba ya magana da kowa. Ba ya riƙe bindiga, ba ya bin sawun ɓarayi, babu kuma wanda yake farautarsa, abin da ya bambanta shi da yawancin jaruman talabijin na lokacin, waɗanda ko dai suna bin wani ko wani yana bin su.

Abin da Kawu ya fi so, wanda kuma na lura shi ne duk mai tuna wasan yake fara ambata, shi ne 'yar gajeriyar ganawar da ake buɗe kowane kashi da ita. Bronson ya tsaya a danja, kusa da shi ga wani magidanci cikin kwat da malafa a cikin mota, fuskarsa duk gajiya. Mai motar ya leƙo ya tambaye shi ko tafiya zai yi, ya amsa masa da e. Ya ce ina zuwa? Bronson ya ce shi ma bai sani ba, duk inda ya tsinci kansa. Sai mai motar ya ce ina ma shi ne, Bronson kuma ya ce masa ya dai daure. Fitila ta ba da hannu, babur ya wuce, sai a gan shi can yana ƙetara gadar Bixby a gaɓar tekun Kalifoniya, ga tsauni ta hannu guda, ga ruwa ta ɗaya hannun har iya ganinka. Duk lokacin da Kawu ya kawo nan sai ya ɗaga yatsa ya ce, "To wannan mai motar, shi ne mu duka." Muna yara mukan yi dariya, domin a lokacin kowannenmu Bronson yake ganin kansa.

Da na girma intanet ta zo, sai na gane ashe Kawu ba shi kaɗai ba ne. Akwai dattawan Amurka da yawa, yau shekarunsu saba'in ko fiye, waɗanda suke cewa wannan wasa ne ya sa suka sayi babur na farko a rayuwarsu. Wasu sun kashe kuɗi mai yawa sun harhaɗa babur irin na Bronson sak, har da idon nan na jikin tanki, wasu kuma sukan yi takakkiya zuwa gadar don kawai su ƙetara ta yadda ya ƙetara. Idan suka tashi magana kusan bakinsu ɗaya: wai a da talabijin tana da natsuwa da ma'ana, wai a da mutum yana da 'yancin ya tattara ya tafi inda ya ga dama, yanzu kuwa an rasa duka biyun. Ban raina kewarsu ba, don kewa ba ƙarya ba ce. Amma ra'ayina shi ne sun sa ido a kan mutumin da bai kamata ba. Suna kewar mai tafiya, alhali abin da ya ɓace, a can da nan wurinmu, shi ne mutanen da suke karɓarsa idan ya iso.

Kafin in kai ga wannan, ya kamata a tuna irin shekarar da wasan ya fito a cikinta. A watan Afrilun 1969 sojojin Amurka da ke Biyetnam sun haura 540,000, adadi mafi yawa a duk tsawon yaƙin. Shekara guda kafin nan an harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, bayan wata biyu aka harbe Robert Kennedy, mai neman takarar shugaban ƙasa. Ranar 1 ga Disamban 1969, ana tsakiyar nuna wasan, aka yi ƙuri'ar ɗaukar soja a gaban kyamarar talabijin, inda ranar haihuwar saurayi ce take yanke ko za a kira shi fagen fama da wuri ko za a ƙyale shi. Wata guda bayan kashi na ƙarshe, ranar 4 ga Mayun 1970, dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent da ke Ohayo, jihar da Kawu yake karatu. Saurayin da yake zaune yana jiran takardar kira, ya ga wani sa'ansa a allo wanda babu mai nemansa, babu mai ba shi oda, ai dole zuciyarsa ta bi shi. Ga shi kuma manyan tashoshin ƙasar uku ne kacal a lokacin, NBC da CBS da ABC, don haka abin da mutum ya kalla daren Laraba shi ne abin da zai tarar ana zance a kai da safiyar Alhamis. Rabin daɗin da suke tunawa na wannan tarayya ne, ko da yake wasan suke jingina wa.

Shi kansa mai babur a Amurkar wancan zamani ba mutumin da ake maraba da shi ba ne. Tun hargitsin da aka yi a garin Hollister na Kalifoniya a 1947, wanda jaridu suka kambama fiye da kima, aka ɗauki mai babur a matsayin ɗan daba, finafinai kuma suka yi ta ƙara wa wutar itace. Ranar 6 ga Disamban 1969, a wani taron kaɗe-kaɗe a Altamont, ba nisa da San Faransisko, wani ɗan ƙungiyar masu babura ta Hells Angels ya daɓa wa wani baƙin saurayi ɗan shekara 18 wuƙa har lahira. A wannan makon ma Bronson yana nan a allo yana sauraron matsalar wani cikin sanyin murya. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne wanda ya ƙirƙiro wasan, Denne Bart Petitclerc, wanda shi ma tsohon ɗan jarida ne, ya ɗauko siffar jaruminsa daga wani abokinsa mai suna Birney Jarvis, ɗan jaridar San Francisco Chronicle wanda a da ɗan wannan ƙungiya ta Hells Angels ne. Wato an ɗauko mutum daga cikin waɗanda ake tsoro, an wanke shi tas, an miƙa wa iyalai a falonsu a matsayin baƙon da za a iya bari ya kwana a gida.

Ashe ke nan tun a ranar da aka fara nuna shi wasan mafarki ne, ba hoton ƙasar yadda take ba. Mutumin da ake gani shi kaɗai a kan hanya yana da ayarin ma'aikatan kamfanin MGM a bayan kyamara, da motocin kaya da masu dafa abinci, kuma a wuraren hawan tudu da ratsa daji ana musanya babban babur ɗin da ƙanana marasa nauyi da aka yi wa fenti iri ɗaya. Ƙananan garuruwan da yake ratsawa ma sun riga sun fara mutuwa a tsaye, domin tun 1956 da shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi matafiya suka fara wuce su ta baya ba tare da sun tsaya sayen ko ruwa ba. Galan ɗin fetur a lokacin bai wuce kimanin santi 35 ba, kuma shekara huɗu kacal ya rage takunkumin mai na 1973 ya zo ya kawo ƙarshen wannan arha. Masu kallo ma ba su yi wa wasan rubdugu yadda masu tuna shi suke zato ba. A daidai wannan sa'a tashar CBS tana nuna wasan 'yan sanda na Hawaii Five-O, wanda ya yi shekara goma sha biyu ana yi, shi kuwa Bronson zango ɗaya ya yi. Waƙar da Parks ya rera ana rufe wasan da ita ta taɓa shiga sahun waƙoƙi ashirin da suka fi kasuwa a wani mako na 1970, amma ba ta ceci wasan ba. Parks ya faɗa daga baya cewa ya ƙi yarda da ƙarin faɗace-faɗacen da manyan kamfani suke so a cusa, kuma saɓanin ya jawo masa rashin samun aiki na wani lokaci, ko da yake bai musa cewa shi ma yana da wuyar sha'ani ba. Idan haka ne, zamanin da ake yabo da natsuwa shi ne da kansa ya zaɓi harbe-harbe ya bar natsuwar.

Yanzu sai a dawo kan tambayar da ta dame ni. A duk kashi 26 ɗin nan, wa ya ciyar da Bronson? Wani mai gona ne ya ɗauke shi aiki ba tare da ya san asalinsa ba. Wani mai gareji ne ya ara masa sifana. Wata mata ce ta ƙara kwano ɗaya a teburinta, wani dattijo kuma ya nuna masa inda zai shimfiɗa bargonsa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana nan ne domin bai tafi ba: ya zauna ya biya haraji, ya yi noma, ya buɗe shago da sassafe, ya haƙura da maigidan da ba ya so. Da duk sun yi abin da Bronson ya yi, da ya isa garin ya tarar da kango. Hausawa sun riga sun gama wannan magana da suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana da sanyi da kyan gani, kuma hantsi na yi ta tafi, amma sai ta sami ganyen da za ta sauka a kai. Mai motar nan da ake tausaya wa a farkon kowane kashi, wanda masu kallo suka ɗauka misalin wanda rayuwa ta ci da yaƙi, irinsa ne suke riƙe da duniyar da Bronson yake yawo a cikinta, kuma babu wanda ya taɓa harhaɗa motarsa don tunawa da shi.

Akwai kuma abin da Kawu bai gaya mana ba sai da muka girma. Wata rana na tambaye shi, "Kawu, tun da kana son abin haka, me ya hana ka ari babur a lokacin hutu ka ɗan zaga ƙasar?" Sai ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka dubi fatata." Ya ce abokan karatunsa baƙaƙen Amurka sun ja masa kunne tun zuwansa cewa akwai garuruwan da bai kamata rana ta faɗi yana cikinsu ba. Ba tatsuniya suka yi masa ba. Daga 1936 har tsakiyar shekarun 1960 ana buga wani ɗan littafin jagora da ake kira Green Book, wanda Victor Green ya fara, aikinsa kawai shi ne ya nuna wa baƙar fata matafiyi inda za a yarda a sayar masa da abinci ko a ba shi ɗaki. Dokar da ta haramta wariya a masaukai da gidajen abinci ta fito ne a 1964, shekara biyar kacal kafin Bronson ya hau babur, doka kuwa takan riga zukata sauyawa. Ƙofar da ake buɗe wa Bronson ba kowa ake buɗe wa ba. Farin saurayi ne mai ilmi, ba mata, ba ɗa, ba tsohuwar da take jiran ya aiko mata da kuɗin cefane. Duk wanda ya ce a da kowa yana iya tafiya inda ya so, to, dutsen da ke cikin ruwa ne, bai san ana rana ba.

Kada a ɗauka ina nufin wasan ba shi da daraja. Shekarun baya na samo wasu kashi a intanet, kwafi ne da wani ya naɗa daga talabijin, launinsa ya koɗe, sauti yana shiga yana fita, na kai wa Kawu a waya. Muka zauna a tabarma, ya sa tabarau, ya riƙe wayar da hannu biyu kamar mai riƙe da ƙwaryar nono. Ni da na saba da finafinan yanzu sai na ga abin yana jan ƙafa, domin akan yi minti guda cur ba a ce komai ba, babur kawai ake nunawa yana tafiya tsakanin duwatsu. Amma can sai na lura da abin da ban saba gani ba, wato jarumin da aikinsa sauraro ne. Mutum zai zazzage masa cikinsa, shi kuwa ba zai yi masa wa'azi ba, ba zai warware masa matsalar ba, sau da yawa ma yadda ya tarar da ita haka zai bar ta, illa dai mai ita ya sami wanda ya ji shi. Wannan abu ne mai wuyar rubutawa, mai wuyar sayarwa kuma, kuma na yarda da masu cewa ya yi ƙaranci a allon yau. Kawu dai bai ce uffan ba har aka gama, sannan ya miƙo mini wayar ya ce a tunaninsa babur ɗin ya fi haka girma.

Dalilin da ya sa wannan tsohon wasa na wata ƙasa ya tsaya mini a rai shi ne abin da idona ya gani ya faru da mai babur a ƙasarmu. Da Kawu ya dawo gida an ba shi aikin duba makarantu, ya karɓi bashin abin hawa ya sayi Honda, kuma a kan wannan babur ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka. Abin da ya kasa yi a Ohayo shi ya yi a nan ba tare da ya kira shi da wani babban suna ba. Yakan ce idan dare ya yi masa a hanya, ko taya ta yi faci, ko filogi ya ƙi, ba ya wata damuwa, sai ya tura babur zuwa ƙofar gidan mai gari ya yi sallama. Kafin a tambaye shi sunansa an kawo ruwa a kwanon sha, an share zaure, an shimfiɗa tabarma, yara sun kewaye babur ɗin suna leƙa fuskarsu a madubi. Da safe a kawo koko, wani ya raka shi wurin mai faci, in ya sa hannu a aljihu don ya yi ihsani a ce masa haba malam, ai baƙonka annabinka. Ba shi kaɗai ba ne, domin haka fatake da 'yan cin rani da almajirai masu neman ilmi suka yi ta ratsa ƙasar Hausa shekara da shekaru, daga wannan zaure zuwa wancan, kuma babu wanda ya ga abin a matsayin jarumtar matafiyi. Kowa ya san mutuncin na mai masauki ne.

Daga baya babur ya tashi daga abin hawan malamin makaranta da malamin gona ya zama abin neman tuwo, samari suka cika birane da acaɓa, wanda a Sakkwato da Nijar ake kira kabu-kabu. Sannan ya zama abin da ya fi haka muni. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana sana'ar acaɓa, dubban mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka wayi gari ba abin yi. A 2015 hukumomin Nijar sun hana hawa babur a jihar Diffa saboda hare-haren Boko Haram. A 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura ta kuma hana sayar da fetur a jarka don ta toshe wa 'yan bindiga hanya. Yau a ƙauyuka da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato, idan aka ji rugugin babura daga nesa ba leƙowa ake yi ba, mata goyo suke ɗauka, maza su nufi daji. Baƙon da ya tura babur zuwa ƙofar mai gari da magariba zai yi sa'a idan tambayoyi kawai aka yi masa, domin ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin ɓarayin daji, kuma ba zan ga laifin mutanen ba, tun da wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Hanyoyin suna nan, wasu ma an shimfiɗa musu kwalta, babura kuma sun fi na da yawa da sauri. Zauren ne aka rufe.

Shi ya sa nake ganin kewar da ta tsaya a kan babur da hular saƙa da waƙa kewa ce mai arha, wadda kamfanoni suka iya sayarwa. Kamfanin Harley-Davidson ya daɗe yana cin kasuwar wannan mafarki, yana sayar wa magidanta masu hali babura masu tsada don su zama Bronson daga safiyar Asabar zuwa yammacin Lahadi, kuma ban ga aibin mutum ya sha iska da kuɗinsa ba. Sai dai dattijon da yake kukan cewa ƙasarsa ta lalace har ba a iya irin wannan tafiya, ya kamata ya tambayi kansa abin da zai yi yau idan wani saurayi da bai sani ba, mai ƙura a jiki da gashi buzu-buzu, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yana neman aikin kwana biyu da wurin kwana. Yawancinsu, ina kyautata zato, ta kyamarar bakin ƙofa za su dube shi, in ma ba su kira 'yan sanda ba. Samarin da suke son tafiya ba su ƙare ba, don zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi, kuma kowace shekara ana haihuwar masu jin haka. Masu cewa bismilla, shigo, su ne suka yi ƙaranci, kuma da yawa daga cikin masu kukan su ne ya kamata a ce sun gaji wannan matsayi yanzu da suka zama masu gida.

Ni ma ban fita daga cikin zargin ba. Gidan da nake haya a birni ba shi da zaure, get ne na ƙarfe da ɗan tagar leƙe, kuma ban tuna ranar ƙarshe da wanda ban sani ba ya kwana a ƙarƙashin rufina ba. Ina da hujjoji, kuma hujjojin na gaskiya ne, irin dai waɗanda mutumin ƙauyen Zamfara yake da su, nasa ma sun fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma na daina yarda da kaina idan na ji ina cewa mutanen da sun fi na yanzu kirki, kamar dai ni ba na cikin na yanzun. Amincin da ya sa Kawu ya kwana a zauren da bai san mai shi ba ba daga sama ya faɗo ba. Akwai mai unguwa da ya san kowa, akwai alƙali da ɗan doka da ake shakka, akwai kuma tabbacin cewa wanda ya ci amanar mai masauki ba zai sha ba. Idan hukuma ta kasa riƙe wannan, sai kowa ya ja ƙofarsa, sannan a zo ana zargin zukata.

Michael Parks ya rasu a watan Mayun 2017 yana da shekara 77, bayan da a ƙarshen rayuwarsa masu shirya fim irin su Quentin Tarantino suka sake jawo shi gaba, har matasa da yawa suka san shi a matsayin tsohon ɗan sandan Texas ba tare da sun taɓa jin sunan Bronson ba. Da na gaya wa Kawu rasuwar sai ya yi shiru, can ya tambaye ni ko an san abin da ya faru da mutumin nan mai mota. Hondarsa tana nan har yanzu a lungun zaure, an lulluɓe ta da buhu, tayoyin sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun yi ciniki sun gaji. Zauren kuwa tun shekarar da aka shiga gidan maƙwabcinsa da dare 'ya'yansa suka sa aka yi masa ƙofar ƙarfe, kuma da an idar da sallar isha'i jikansa yake zuwa ya danna kwaɗo ya kai masa makullin ɗaki.